Kwaɗon Katako da Addu'ar Cleophus

Mako uku bayan an binne mijin Ozella Mims, matan coci suka daina kawo kwanukan abinci, gidan ya yi tsit. Ranar Juma'ar nan ce Cleophus Tarver ya tsaya a ƙofar kicin ɗinta da kifi biyu naɗe a jarida, an kankare an feɗe, har da ɗan ƙullin garin masara na suya. Cewa kawai ya yi, "'Yar'uwa Ozella, sun yi mini yawa, ki rage mini." Ta leƙa bokitinsa, ba komai ciki sai ruwa. Ba ta nuna ta gani ba, shi ma ya taɓa hula ya wuce.

Shekara talatin da ɗaya Cleophus ya yi a injin yanka katako na bakin garinsu, a Alabama. Matarsa ta riga shi tafiya, 'yarsa ɗaya tilo, Vernice, nas ce a Atlanta. Abin da aka san shi da shi kifin bas ne, mai ƙaton bakin nan, kuma bai yarda ya kama shi a ƙarƙashin ruwa ba. Kowa tana yake soke wa ƙugiya ya nutsar. Shi kwaɗo yake sassaƙawa da jan itace, ya rataya masa ƙugiyoyi, ya shafe cikin da farin fenti, bayan kuwa ko oho, don a cewarsa kifi ciki yake gani.

Ƙa'idarsa biyu ce. In ka jefa kwaɗo gefen bado, kada ka motsa shi sai zobban ruwa sun mutu ƙurmus. Shi da Addu'ar Ubangiji yake auna lokacin: ya karanta ta a zuci, sai ya kai Amin ya ɗan girgiza sanda. Ta biyun ta fi wuya. In kifi ya fasa ruwa ya kai cafka, kada ka ja don ka ji ƙara. Jira sai ka ji nauyi, in ba haka ba daga bakinsa za ka fizge kwaɗon.

"Kai Clee," in ji Dikin Wardell, dattijon cocinsu kuma abokinsa tun na ƙuruciya, "kifin tafkin nan duk sun haddace addu'a, saura baftisma."

"A ruwa aka haife su, Dikin, sun wuce nan. Kai ne da furfurarka kake tonon tana kamar kaza."

Ozella ce ta fara lura da rawar hannun Cleophus. Ranar jibin Ubangiji a coci ta ji ɗan kofinsa yana ƙwanƙwasar faranti, ƙas-ƙas-ƙas, ya yi sauri ya danne hannun dama da na hagu. Kafin shekara ta zagayo rawar ta fito fili. Da bazara ya zame wajen shiga kwalekwale, Allah ya sa ruwan iya gwiwa ne. Vernice ta iso washegari, ta sa wa kwalekwalen sarƙa da kwaɗon ƙarfe, ta ce ta gyara masa ɗaki a Atlanta, a hawa na takwas na bene.

"Akwai ruwa a can?"

"Akwai famfo, Baba."

Ya daɗe yana kallon takalminsa. Sannan ya ce ta dawo ƙarshen Mayu. In bai kama bas da kwaɗonsa a gaban idonta ba, da kansa zai haɗa akwati. Ta yarda, don ita nas ce, ta san ciwon ba ya komawa baya.

Mijin Ozella ya bar wata 'yar gadar katako da ta shiga cikin tafki, bado kewaye da ita. Nan Cleophus ya koma. Kullum gari na wayewa tana hango shi ta tagar kicin. Jifa dai yana nan yadda take, kwaɗo ya sauka inda ya nufa. Jiran ne ya gagara. Sanda na hannunsa tana kaɗawa, kwaɗo na ta ɓari a kan ruwa, zobba ba sa mutuwa. Ran da kifi ya daure ya kai cafka, hannun ya zabura da kansa, kwaɗo ya dawo fiu ta gefen kunnensa. Sau ɗaya ta ji ya saki wata kalma da ba ta coci ba. Ya juyo wajen tagar ya ɗaga hula.

Mako huɗu ko ɗaya bai kama ba. Wardell ya kawo gwangwanin tana ya ajiye a gefensa.

"Soka ɗaya a bayan kwaɗon mana. Yarinyar nan ta san bambanci ne?"

"Ni na sani."

"Taurin kai zai kai ka hawa na takwas."

"To ka riƙa kawo mini ziyara da gwangwanin tanarka."

Wata safiya Ozella ta kai masa kofi. Ba mai yawan magana ba ce, amma ta ce, "Ɗan'uwa Cleophus, na ga in kana jifa ko kana fiƙe ƙugiya hannun nan lafiya lau yake. Zaman banza ne ba ya so." Ya kalli hannun kamar yau ya fara ganinsa.

Washegari ta ga sabon abu. Ya jefa kwaɗo, ya sunkuya ya kwantar da sandar a kan katako, ya taka gindinta da ƙafa, ya haɗa hannuwansa a ƙirji suna ta rawarsu. Can a gefen bado kwaɗo ya kwanta shiru kamar an dasa shi. Kwana tara yana haka. Sau biyu kifi ya kama ya kuɓuce, shi kuwa bai fasa zuwa ba ko ran da aka yi ruwa.

Asabar ɗin ƙarshe ta Mayu Vernice ta tsaya a kan gadar, makullin mota a hannu. Wardell ya kife bokiti ya zauna. Jifa ta ɗaya, ba komai. Ta biyar, ba komai. Rana ta fara leƙowa ta kan itatuwa, kuma kowa ya san in ta hau, bas ya koma ƙasa. A ta takwas, leɓunansa na motsi, bai fi rabin addu'ar ba, ruwa ya fashe kamar an jefa bulo.

"Baba, ja! Ja mana!"

"Clee, ya tafi da shi!"

Bai ko ɗaga kai ba. Ozella tana bin addu'ar a zuci tare da shi, ta san inda ya kai. Ya ƙarasa, ya ce Amin a fili, ya sunkuya a hankali irin na tsoho, ya ɗauki sanda. Zaren ya miƙe, sandar ta lanƙwashe. Da ya jawo kifin bakin gada, Vernice ce ta durƙusa da fararen takalmanta ta kamo shi ta leɓen ƙasa, yadda ya koya mata tana ƙarama.

Ta share fuska da bayan hannu. "Ka zauna zuwa lokacin sanyi, Baba. Daga nan mu sake magana. Kwalekwale kuma yana nan a ɗaure."

"Na ji, ranki ya daɗe."

Da ita da Wardell suka hau tudu da kifin suna gardamar nauyinsa, Cleophus ya tsaya. Ya miƙa wa Ozella kwaɗon. Zaren ya ci wajen hancin, saura ƙiris ya tsinke.

"Ƙullin nan tun bara na yi shi," ya ce. "Kullum sai na gwada sabo, zaren ya ƙi shiga ramin. Ke da kike zura allura ba tabarau, 'Yar'uwa Ozella, in ba damuwa, ki riƙa ɗaure mini shi ran Asabar. Sau shida za ki naɗa, ki jiƙa da yawu kafin ki ja. Sauran ni zan yi."