Ranar da Kaka Ta Daina Kiɗan Ƙwarya

Jiya jikata ta tsinci tsohuwar ƙwarya a ɗakina, ta tambaye ni da Larabci mece ce wannan. Nan take na tuna kakata da ƙuruciyarmu a Jidda.

Bayan la'asar takan kifa ƙwaryar cikin ruwa ta kaɗa, mu 'yan mata muna rawa muna amshi. Wata rana, jirgin ruwan alhazai yana kuka daga tashar Jidda, ta rera waƙa da Hausa, muka amsa da Larabci muna dariya. Ta janye hannunta, ruwan ya lafa.

Na ce, "Yalla, Kaka, ci gaba mana."

Ta daɗe tana kallona. "Ran da na mutu, da wane harshe za ku yi kukana?"

Kafin alhazan nan su koma gida ta rasu. Allah Ya jiƙanta, Ya bar mana mai amshi ko da ɗaya ne.