Na Rubuta Wa Mai Rai "Marigayi"

'Yan uwa, yau na kashe mutum da alƙalami!

Kun san katin bikin ƙanwata Ummi ni na haɗa da hannuna, takarda mai kauri, rubutun ruwan gwal, har da zare. Kalmomin kuwa daga tsohon katin wata ƙawata na kwafa, sunaye kawai na canza. Jiya aka raba wa jama'a.

Ɗazu na kai na gidan su ango a Nassarawa GRA. Na durƙusa na miƙa wa babansa, ina jiran yabo.

Ya sa tabarau. Sai ya karanta da ƙarfi: "Iyalan marigayi Alhaji Bala..."

Ya ɗago: "'Yata, yaushe na rasu ba a sanar da ni ba?"

Wayyo! Na ce, "Baba, a yafe mini."

Ban rufe baki ba wayar Hajiya, matarsa, ta yi ƙara. Wata ce ke kuka tana salati: ashe Alhaji lokaci ya yi?

Ya karɓi wayar ya ce, "Ga mamacin nan, yi masa gaisuwar da kanki."

Wallahi ko takalmina ban tsaya sawa ba!