Tokar Murhun Inna

Jiya maƙwabciyata ta watsa ruwa a murhunta, warin jiƙaƙƙiyar toka ya tsallako katanga ya same ni ina tsintar shinkafa. Na ajiye faifan. Kada ku ɗauka kuka na yi, ni ba mai arhar hawaye ba ce, tun ina yarinya ake mini gorin haka. Zama kawai na yi har kaji suka hau shinkafar.

A Gaya aka haife ni, lokacin Nasara na nan, tun ba a yi gada a kan kogi ba. Babana jirgi yake tuƙawa, yana ƙetarar da fatake zuwa Dahome, can ma ya auro Inna. Cikin kayan da ta zo da su akwai ɗan gora na irin yalo, fari mai zanen kore, ba ɗaci ko kaɗan. Duk garin babu mai irinsa. Tana shuka shi a ɗan lambunta na fadama, ni nake bin ta da tulu.

Idan sanyi ya fara janyewa, zafi bai gama zama ba, lokacin ƙwari ke tashi. Wasu ƙanana ne baƙaƙe masu tsalle, su huda ganye ya koma kamar rariya. Maganinsu toka, kowa ya sani. Amma ta Inna daban ce. Tun tsakiyar sanyi, in ta sauke tuwo, sai ta tura ɓawon maɗaci da karan taba cikin garwashi, ta hana a kwashe. Toka ta yi ta taruwa har ta kusa taɓa gindin tukunya. In lokaci ya yi a tankaɗe ta, a yayyafa wa shuka ruwa da sassafe, a barbaɗa. Ko a harshe ka ɗanɗana sai ka tofar.

A shekarar da nake ba ku labari, irin ya rage kaɗan, don kogi ya cinye lambun shekarar baya. Inna ta juye goran duka ta shuka. Dashe ya kama, ganye ya fara faɗi, sai zazzaɓi ya kwantar da ita. Ana shawarar kai ta wurin lokotoro, wato likita, ta cika.

Ban ji komai ba. Gaskiya nake faɗa muku. Mata suka cika gida, ana kawo abinci daga maƙwabta, ina ci ina ƙoshi. Da aka watse, Kaka, mahaifiyar Baba, ta koma dafa mana a sashenta. Baba kuwa ya jingina zana a ƙofar madafar Inna, ya ce kada wanda ya taɓa murhun. Ya daina zuwa kogi. Wuni yake a gindin zanan.

Ni na ci gaba da ban ruwa, don ba wanda ya ce in daina. Wata safiya na ga ganye ya fara hujewa. Na ɗebo tokar Kaka na barbaɗa, ƙwarin suka yi ta tsalle a kanta abinsu. Kwana kaɗan, layin bakin rijiya ya zama tsinke. Na gaya wa Kaka. Ta zo ta duba, ta juya ganye ɗaya, ta wuce wurin Baba, ina biye.

“Ɗan nan,” in ji ta, “ƙwari sun shiga yalon marigayiya. In ya tafi, babu iri.”

“Su ci, Iya.”

“Tokar nan don su ta tara ta. Ba don kai ba.”

Kaka ta koma sashenta.

Washegari na fito da tuluna, na tarar an janye zanan. Baba na tsugune gaban murhu da kasko da rariya, mutumin da ko ruwan zafi bai taɓa ɗorawa ba. Na leƙa ta kafaɗarsa, sai na ga abin da yake gadi. A saman tokar akwai shatin yatsun Inna, inda ta danna ta a girkinta na ƙarshe. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce, “Riƙe mini rariyar,” ya sa kasko ya ɗiba daga nan wurin.

Ni na yayyafa ruwa, shi ya barbaɗa, har tokar murhun ta ƙare. Ba duka suka tsira ba. Waɗanda suka tsira sun yi ’ya’ya, muka ci, Kaka ta bar manyan suka nuna ta cika goran. Baba ya koma kogi. Har ya rasu ban ga ya sa yalo a baki ba.

Irin yana hannuna har yau, a bayan ɗakina. Jikokina da gas suke girki, gidan nan ko cokalin toka babu. Sun kawo mini maganin feshi a kwalba, yana nan inda suka ajiye shi. Ɗazu na ga ganye ya fara hujewa, sai na aika a gaya wa maƙwabciya, gobe kada ta watsa ruwa a murhun, ta ba ni tokar a bushe. Maɗacin da taba ni zan kai mata.