Ƙahonin da Ke Gaisawa

Na daɗe ina jinkirin rubuta wannan, don gudun kada a ce ina tallar kiɗan coci. Amma jiya a unguwar Al-Sadd wata mota ta wuce da irin kiɗan, sai na tuna Baba, tsohon direban da ya koya mini hanyoyin Doha.

Yana da kaset na tsofaffin waƙoƙin ibadar Turawa, an busa su da ƙahonin tagulla, babu muryar mutum. Wata safiya muna dawowa daga kasuwar Abu Hamour, mota tana ta ƙamshin lemo, ya kunna shi.

Na ce, "Baba, anya wannan ya halatta?"

Ya ce, "Kai dai da fargaba! Saurara, gaisawa suke yi."

Ƙananan ƙahonin suka busa, Baba ya siranta murya: "Ina kwana?" Manyan suka amsa, ya kumbura wuya: "Lafiya lau!" Haka ya bi su har "ina gajiya", ni kuwa ina dariya har da hawaye.

Allah Ya jiƙansa, Ya sa mala'iku su tarbe shi da sallama. Kaset ɗin ya ɓata bayan rasuwarsa. Don Allah, wanda ya san sunan kiɗan nan ya sanar da ni.