Turakun Bakin Tafki

A Karakkai na tashi, a gidan da kakata Inna Dije ke da ɗakinta kusa da rumbu. Idan kaka ta yi, an gama ɗaure dammunan gero, da mun ci tuwo bayan magariba sai mu 'yan mata mu kewaye murhunta, muna gasa gyaɗa. Ba 'yar garinmu ba ce, daga yamma aka auro ta, daga wani gari a bakin babban tafki. Shi ya sa tatsuniyoyinta duk a jiƙe suke. Takan buɗe da cewa, "Ga ta nan tahe muku, ƙahwa duk laka." Mu ce ta shigo ta sha wuta.

Shekarar da wani Bature ya ratsa ta Bunguɗu da sarƙar awo yana zana rafuka a takarda, dariya ta yi har da tari. "Ya auna sau guda ya rubuta? To, ruwa bai iya karatu ba." Ran nan ta ba mu tatsuniyar da na fi ƙauna.

Wai akwai wani sarkin ruwa mai 'ya'ya biyu, Yaya da ƙanwarsa. Duk ƙarshen damina yakan bi gefen tafki da gora da igiya mai ƙulle-ƙulle, an ɗaura mata dutse. Ya duba inda ambaliya ta tsaya a jikin giginya, ya yi tsaga. Sannan ya shiga yana auna zurfi taki-taki, nan gwiwa, nan ƙugu, nan ƙirji, nan ya haura gaba guda, wato tsawon mutum, yana kafa turaku don masu shanu su san mashigi. Yarinyar ce ke riƙe masa igiya. Al'adarsu kuwa, wanda ya kafa turaku shi ke fara ƙetarewa.

Wata shekara ciwo ya kwantar da tsohon. Yaya ya karɓi aikin, amma bai auna ba. Ya dubi itatuwan bakin gaɓa kawai, ya mayar da kowane turke inda yake bara. Da yarinyar ta je wanki, ta jefa igiyar tsakanin turaku biyu, inda ya kamata ruwa ya tsaya a ƙugu. Ƙulli biyu suka nutse dutse bai taɓa ƙasa ba. Ambaliya ta haƙa rami a tsakiyar hanya, gobe kuma Yaya zai ja shanu ta nan.

A nan Inna takan tsaya gyara itace, mu kuwa gyaɗa na ƙonewa ba mu sani ba. Sai ta ɗaga kai.

"Yarinya tat tashi gaban mutane tac ce, Yaya, ba ka auna ba. Yaz zage ta, tas sake hwaɗi. Ala tilas anka ɗauko gora, anka iske rami, anka matsa da turaku. Kowa yaƙ ƙetare lahiya. Kan kusu ya ƙone ƙurmus, ku tai ku kwanta."

Kullum haka take ƙarewa, kuma kullum ni take kallo, don ni ce mai nauyin baki a cikinmu.

Sai bayan ta rasu, ina goyon ɗana na fari, Gwaggo Hajo, 'yarta ta fari, ta ba ni sauran labarin muna sussukar dawa.

"Ke ba ki gane ba? Ai ita ce yarinyar. Ta ga ramin, kunya ta hana ta ƙaryata wanta gaban jama'a. Yas shiga da igiyar bijimi ɗaure ga hannu. Bijimin yah hwaɗa ramin, yaj ja shi, bai hito da rai ba."

Na ajiye taɓarya na yi kuka kamar a ranar Yayan ya mutu. Da ina zaton darasin shi ne kada a dogara da awon bara. Wannan ma gaskiya ne. Amma tsohuwar nan ta yi shekara da shekaru a bakin murhu tana sa wa wata yarinya maganar da ita ta kasa faɗa, tana fito da wanta daga ruwa, mu muna ta murna. Ban taɓa tambayarta sunan Yaya ba, Gwaggo ma ta ce ba ta taɓa jin ta kira shi ba.