Jar Dawar Kaka

Jiya 'yata ta shigo da wani fure mai ruwan hoda da ta tsinko a kango a Madalla, wai tsaraba ta kawo min. Wuta-wuta ce. Na fizge na jefa a murhu, yarinya ta yi ta kuka. Ka saurara ka ji dalili kafin ka ce na cika zafin rai.

Kakarmu tana da irin wata jar dawa da ta gada wurin mahaifiyarta. Zangarniyar a rataye take bisa murhu, hayaƙi na kare ta daga ƙwari. Gonarmu kuwa ta gaji, cike take da ƙwayar wuta-wuta, ciyawar nan da ke maƙale wa saiwar dawa tana tsotsa tun ba ta leƙo sama ba. Shi ya sa kaka ba ta yarda da ruwan farko ba. Takan taka ƙasa da tafin ƙafa, in ta ji ɗumi ta ce a dakata. A cewarta, in ruwa ya ɗan jiƙa ƙasa ya ɗauke, zafi ya biyo baya, lokacin ne muguwar ke farkawa, dawa kuma ba ta da ƙarfin tsere mata. Sai damina ta zauna, ƙasa ta yi sanyi, sannan a yi shuka.

Baffa, ƙanin babanmu, motar haya yake ja zuwa Abuja, Lahadi kaɗai yake hutu. Aka yi ruwan farko, ran Lahadi kaka ta tafi bikin suna a Diko, ya sauke irin kaf ya shuka. Ko zangarniya ɗaya bai rage ba. Da ta dawo ta ga igiya tana lilo, cewa ya yi, "Haba Inna, ruwa ai ruwa ne."

Ruwa ya ɗauke. Rana ta yi ta gasa garinmu Suleja. Dawa ta tsaya iya gwiwa, ganye ya yi rawaya, daga baya gona ta cika da fure. Kaka ta bi maƙwabta gida-gida tana cigiyar irin, babu mai shi. Har ta rasu ba ta sake taka gonar ba.

Ban huce ba, kuma ba na jin zan huce. Yanzu gidajen haya ne a wurin. Baffa ya tsufa, ni ke kai masa abinci. Kullum sai ya ture kwano ya ce tuwon zamani ba ya kama ƙafar na Inna.