Kawuna Ashirin a Cikin Finjali

Shekaru sun ja, kuma ba zan rantse a kan kowace kalma ba. Mai yiwuwa na haɗa wata rana da wata. Amma abin da na tarar a kan teburina a unguwar Shisha ta Makka wata la'asar, wannan kam ba zai taɓa barin raina ba.

Lokacin ban daɗe da gama digiri ba, na samu aikin zane a wani kamfanin gine-gine a unguwar Aziziyya. Ina zaune wajen Gwaggo, yayar babana, wadda ta daɗe a Makka. A ofis akwai wani abokin aikina, haifaffen Jidda amma iyayensa Sakkwatawa ne, kuma shi ne ya fara jana a jiki a garin. Duk ƙarshen mako a Jidda, inda yakan gayyace ni, shi da abokansa suna wasan yaƙi a kan tebur da 'yan ƙananan sojojin roba, kowanne bai kai babban yatsa ba. Da ya ga hannuna a zane, sai ya kawo min akwatinsa: mayaƙa ashirin riƙe da takubba, waɗanda ya yi shekaru yana tarawa. In ban yi kuskure ba, ya ce an daina yin irinsu.

"Ya akhi, takubban kawai nake so," ya ce. "Su yi ƙyalli kamar ƙarfen da aka goge. Amana ce fa. Wallahi ko ƙanena bai isa ya taɓa su ba."

Ba da fentin azurfa ake yi ba, abin da ya fi ba ni sha'awa ke nan. Baƙi ne da toka-toka da fari, sai ɗan shuɗi kaɗan. Kana tsinka fentin da ruwa, ka shafa, ya bushe, ka sake, daga duhu zuwa haske, sannan ka ja layin fari siriri kamar gashi a bakin takobin. In ka ja baya ka duba, sai ido ya ce ƙarfe ne. Mako uku na yi a kai, ina riƙe numfashi a kowane layi.

Ga inda laifina yake. Na san a gidan Gwaggo ko hoton mutum babu a bango. Sau uku, ina jin, na buɗe baki zan gaya mata, sai in ji nauyi in fasa. Na riƙa rufe sojojin da tawul. Ranar da na gama takobin ƙarshe na makara, na bar su a buɗe don su bushe, na fita.

Da na dawo, ɗakin na ƙamshin turaren wuta. Sojojin na nan a jere, an ma gyara musu layi. Takubba na ƙyalli. Babu kai ko ɗaya. A gefe ga abin yanke farce, ga finjalin shayi, kawunan duka a ciki. Na tsaya ina kallo.

"Gwaggo, wa ya shiga ɗakina?"

"Ni ce, ya waladi. Na gyara maka gumakanka. In ba kai, ba komai, haka malaminmu ya ce. Yanzu halas, mala'iku sa shigo mana."

"Gwaggo, ba nawa ba ne! Amana ce!"

Ta dafe ƙirji. "La ilaha illallahu. To ka gaya min? Mako uku kana rufe ƙofa, ni na ɗauka karatu kake yi." Sannan ta ce a hankali, "Takubban dai ban taɓa ba. Tsoro ma na ji kar su yanke ni."

Kwana biyu na yi ina liƙa kawuna da gam. Wasu sun zauna, wuyan a karkace. Shida ko bakwai kuwa abin yanke farcen ya murƙushe su, ba gyara. Na yi tunanin cewa faɗuwa suka yi, amma wace faɗuwa ce ke cire kai kaɗai?

Na kai masa akwatin a ofis, na faɗa masa gaskiya. Ya buɗe, ya bi su da kallo. Ya ɗaga ɗaya zuwa hasken taga, ya juya shi.

"Takubban sun yi kyau," ya ce. "Ma'alesh, ba komai."

Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Muka ci gaba da gaisawa har na bar kamfanin, amma bai sake cewa in zo Jidda ba, bai kuma sake zama kusa da ni a wajen cin abinci ba.

Ban ga laifin Gwaggo ba. Gidanta ne, kuma a ganinta taimakona ta yi. Ni ne na guje wa maganar minti biyar mai nauyi, na rasa aboki. Tun daga nan, duk abin da na ji ina son rufewa da tawul a gidan wani, shi nake fara faɗa.

In wani daga ofishin nan ko maƙwabtanmu na Shisha ya karanta wannan, ya kuma tuna shi dabam, don Allah ya turo min gyara. Musamman mai akwatin, in har yana so.